Na cire tayoyin kamfani daga motar da na saya: abin da na gani a wani shagon taya a Jos

Mutum uku ne suka hana ni taɓa tayoyin da motata ta zo da su: dilan da ya sayar mini, maigidana, da wani maƙwabcinmu da ba wanda ya tambaye shi. Bakinsu ya zo ɗaya, wai tayar kamfani ce, wadda aka ɗaura tun ranar da aka ƙera motar, kuma duk abin da zan sayo a kasuwa ba zai kama ƙafarta ba. Na saurare su tsaf, na kuma cire duka huɗun tun kafin lambar motar ta fito. Abin da zan faɗa a nan ya shafi shagon da ya yi mini aikin, can wajen 'Yan Taya a titin Bauchi, da kuma tayar da na saya, yanzu da ta ga damina ta ga hunturu. Sunan shagon da na tayar zan bar su a cikina, domin akwai yabo akwai ƙorafi, kuma ba wanda ya ba ni ko sisi.

Motar Corolla ce ta 2019, 'yar Amurka, ta Legas aka shigo da ita. A wurinmu dai sabuwa ce, tunda yanzu mai albashi ko a mafarki ba ya cire mota a leda. Mil dubu 31 da 'yan kai ne a allo, wato wajen kilomita dubu 50, kuma kujeru da fedar birki sun yarda da wannan lissafi, ba a juya shi ba. Da alama mai ita na farko ba mai yawo ba ne. Tayoyin kuwa in ka gan su sai ka rantse bara aka saye su. Zanen da sauran zurfi, ga shi dila ya sa an shafe su da man nan mai sa taya ƙyalli.

Mahaifina tsohon direba ne. Ya ja Fijo 504 doguwa tsakanin Jos da Kaduna shekara da shekaru, daga baya ya koma tuƙin gwamnati har ya yi ritaya. Da na kai masa motar ya sa albarka, ko leƙa ciki bai yi ba. Ya durƙusa gaban tayar gaba, ya ce in haska masa fitilar waya, ya bi jikin tayar da yatsa har ya tsaya a wani wuri.

"Uwata, karanta mini nan."

DOT aka rubuta, sai wasu haruffa da lambobi, sannan a ƙarshe lamba huɗu cikin wani ɗan zagaye: 3818. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Mako na 38 na 2018 ke nan, wato watan Satumba. Muka zagaya sauran. A biyu daga ciki lambar ta juya ciki, don a gefe ɗaya kawai ake buga ta cikakkiya, sai da ya shimfiɗa tabarma ya kwanta ya leƙa. Uku 3818 ne, ɗaya 3718. Dila bai yi ƙarya ba, tayoyin kamfani ne. Gaskiyar tasa ce ma matsalar: a watan Mayun 2025 sun doshi shekara bakwai a duniya.

Daga nan ya nuna mini abin da man ƙyallin ya rufe. Can cikin kwarin zanen, inda tsumma ba ya kaiwa, akwai ƙananan tsage-tsage birjik, kamar faso a dunduniya. A gefe ma haka, kusa da bakin rim. Ya danna farcensa a kan robar, ko alama bai bari ba.

"Baba, amma kun ga zanen bai cinye ba."

"Zane daban, rai daban. Roba ce. Ko an hau ko ba a hau ba tana tsufa. Rana ta ci, iska ta ci, ga zaman jirgin ruwa, ga zaman filin dila."

A kan shekarun taya magana ta kasu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta daɗe tana cewa shekara huɗu daga ranar ƙira, kuma jami'anta kan duƙa su karanta lambar nan idan sun tare mutum. Masu ƙera taya irin su Michelin sun fi sassauci: bayan shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, idan ta cika goma a cire ko da zanenta bai taɓu ba. Ni a ganina huɗun ta yi tsauri ga motar da ke kwana a inuwa ana kula da ita, goman kuma lissafin masu lafiyayyen titi ne da sanyin gari. Amma mai shekara bakwai da tsagewa a jiki ba ta buƙatar dogon bincike.

Wannan kwarjini da ake ba tayar kamfani ma ya kamata a rage shi. Kamfanin mota ba shi ke ƙera taya ba, odarta yake yi wurin masu ƙerawa, ya faɗa musu abin da yake so. Abin da yake so kuwa shi ne motar ta yi shiru da laushi ranar da mai saye zai gwada ta, ta kuma nuna ƙarancin shan mai a gwajin hukuma. Ba laifi ba ne. Sai dai an zaɓe ta ne don ƙasar da za a sayar da motar. A jikin tawa an rubuta M+S, alamar tayar da aka yi don ta ɗan iya taɓo da dusar ƙanƙara. Jos na da sanyi, har ƙanƙara kan zubo mana da damina, amma ba mu kai nan ba. A inda aka rubuta TEMPERATURE kuma B ne a gabansa. Matakai uku ne, A da B da C, kuma A ce ta fi jure zafi. Wanda Allah Ya hore wa ya sayi mota gal, ba zan ce ya cire tayarsa ba, asarar kuɗi ce, ya ci moriyarta tukuna. Maganata a kan irinmu ce, da sabuwar motarmu ta riga ta yi rayuwa guda a wata ƙasa.

Da a cikin gari kawai zan riƙa yawo, daga Anguwan Rogo zuwa Taminus in dawo, da wataƙila na lallaɓa su zuwa ƙarshen shekara. Amma maigida a Abuja yake aiki, a Kubwa yake zaune, kuma duk hutun makaranta ni ke kwasar yara in kai su. Wanda ya san hanyar ya san abin da nake nufi. Ka bar Jos da rigar sanyi, ka wuce Mararrabar Jama'a da Riyom, ka gangara Hawan Kibo ƙafa a kan birki, tirela a gaba tirela a baya. Kafin ka kai Akwanga ka tuɓe rigar, a Keffi kuwa kwalta har tururi take. Daga tudun da ya kai mita 1,200 ka sauko cikin zafi a 'yan awanni, but cike da dankali da kabeji da karas na tsaraba. Zafi da nauyi da gudu, su ke fasa tsohuwar taya. Baba har yau yana kawo maganar James Ocholi, ƙaramin ministan ƙwadago da ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja ranar 6 ga Maris 2016, bayan tayar motarsu ta fashe. "Motar minista ke nan," yakan ce, "ina ga taki?"

Shagon ba wani babba ba ne. Ƙofa biyu ce, ɗaya an jera sababbin tayoyi a tsaye kan katako cikin inuwa, ɗaya kuma ta injuna. Wannan jerin shi ya fara burge Baba, don wasu tula su suke a waje rana na dukansu tun safe har la'asar. Mai shagon dattijo ne mai saurin baki, ya gane Baba tun zamanin tasha, suka ɓata lokaci suna gaisawa da lissafin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Abu guda ya yi mini daɗi tun farko: da ya gane ni ce mai motar, ni ce kuma mai biya, ni ya fuskanta. Duk macen da ta taɓa shiga gareji ta san yadda ake yi, ki yi tambaya a ba namijin da ke gefenki amsa, ko da mai keken da ya kawo ki ne.

"Hajiya, aljihu za mu bi ko hanya?"

Na ce hanya, amma a ji tausayin aljihun.

Ya kasa mini kayansa kashi uku. Na sama manyan sunaye ne, su Michelin da Bridgestone da Continental, waɗanda kuɗin guda zai sayi 'yan China biyu har da canji. Na ƙasa 'yan China ne, sunaye barkatai, wasu ko shi sai ya duba jikinsu kafin ya faɗa. A tsakiya akwai 'yan Tailan da Indonesiya. Bai kushe 'yan China kwata-kwata ba, ya ce akwai masu kyau a ciki kuma su masu tasi suka fi saye, amma ba zai iya dafa mini kowacce ba. Beljiyom kuwa ya ce ba ya ajiyewa, in ita nake so in ƙetara titi. A takarda, tsohuwar taya na cikin kayan da aka haramta shigo da su ƙasar nan. A kasuwa kuwa ga ta nan tuli-tuli.

Nan Baba ya ɓalle da tarihi. Da a ƙasar nan ake ƙera taya, Michelin a Fatakwal, Dunlop a Ikeja, ka saye ta da ɗuminta. Michelin ta rufe a 2007, Dunlop ta bi bayanta a 2008, tun daga nan ta teku taya ke zuwar mana. Mai shagon ya cafe zancen ya ce a nan ne ɓarnar take. Wasu masu shigo da kaya kan cusa taya cikin taya, uku ko huɗu a cikin guda, don kwantena ta ɗauki da yawa a biya kuɗi kaɗan, kuma hukumar kula da ingancin kaya, SON, ta sha kama irinsu. Wayar ƙarfen da ke bakin taya, wadda ke kama rim, lanƙwashewa take idan an yi mata haka, ba ta kuma komawa daidai. Ya ɗauko wadda na nuna ya tsayar da ita a ƙasa, ya sa na zagaya bakinta da tafin hannu in ji ko akwai inda ya lotsa, sannan na leƙa cikinta in ga ko akwai ƙujewa. Ba kowane ɗan kasuwa ke koya wa mai saye yadda zai kama shi ba.

Da yaro ya fito da huɗun, na duƙa na karanta da kaina. Biyu 0925, biyu 4123. Na ce ban yarda da biyun nan ba. Bai yi musu ba, bai ce ai duk ɗaya ne ba, ya aika yaro sito a keke, muka jira, aka kawo biyu 'yan 2025. Amma a lura, ba shi ya nuna mini ba, ni na gano. Da ban duba ba da tuni an ɗaura. Tayar da ta yi shekara ɗaya da rabi a sito mai inuwa ba ta lalace ba, na sani, sai dai kuɗin sabuwa na biya, kuma ranar da jami'i ya tsayar da ni a hanya lambar jikin taya zai karanta, ba rasit ba.

Gardamar da ta fi tsawo a kan girma aka yi ta. Abin da motar ta zo da shi 205/55 R16 91H ne. 205 faɗin tayar ne a milimita, 55 tsayin gefenta ne, kashi 55 cikin ɗari na faɗin, 16 kuma girman rim a inci. 91 na nufin kowace taya na ɗaukar kilo 615, H kuma iyakar gudunta kilomita 210 a awa, wanda ba ni da niyyar gwadawa. Mai shagon ya ce in sa 205/60 saboda ramukanmu, Baba ma ya goya masa baya. Hujjarsu mai ƙarfi ce: gefen ya fi tsayi da santimita guda, motar za ta ɗan ɗaga, rami ba zai kai ga rim da sauri ba, kuma mutane da yawa haka suke yi suna zaune lafiya. Amma tayar ta fi girma da kashi 3 cikin ɗari da ɗoriya. Allon gudu zai nuna miki 100 alhali kina kan 103, lissafin tafiya ya karkace, kuma in an cika mutane da kaya tana iya gogar jiki idan an faɗa gargada. Na tsaya kan abin da ke rubuce a 'yar takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba. Mai shagon ya ce, "Hajiya, motarki ce," aka wuce wurin. Har yanzu duk sanda na faɗa rami Baba na cikin motar sai ya yi gyaran murya.

Na ɗauki 'yar Tailan, 91V (V ta fi H jure gudu), mai A a wajen zafi da A a wajen kamun titi. Ya fara da naira dubu 95, muka daidaita a dubu 88 kowace, har da ɗauri da balansin, wato daidaita nauyin taya. Na sa maigida ya tambayo irinta a Abuja, bambancin bai taka kara ya karya ba. Farashin lokacin ne dai, yadda dala ke rawa kowa ya tambaya da bakinsa. Na nemi ya rubuta lambar makon kowace taya a rasit, ya rubuta, ya ce in ta yi kumburi ba tare da ta daki rami ba in dawo da ita. Yadda za a tabbatar taya ba ta daki rami ba a Najeriya, wannan kam bai faɗa ba.

Wajen ɗauri ne na ga aikin da ya cancanci kuɗina. Inji ne da su na cire taya, ba guduma da ƙarfen ɓanɓara ba. Wannan ya dame ni tun a gida, domin doka ta tilasta wa motocin Amurka tun daga samfurin 2008 su riƙa gargaɗi idan iska ta ragu, kuma a tawa 'yar na'urar tana gindin bawul ne, cikin taya. Mai faci na bakin titi sau da yawa karya ta yake da ƙarfensa bai ma sani ba, shi ya sa za ka ga motoci da yawa fitilar taya na kunne a allonsu har abada. Yaron da ya yi aikin bai wuce shekara ashirin ba. Kafin in buɗe baki ya ce, "Anti, na ga sensa, ba zan taɓa ta ba."

Ya juya rim ɗin yadda bakin injin zai fara nesa da bawul. Ya goge tsatsar bakin rim da burushin waya, ya shafa ruwan sabulu, ya duba gefen da aka rubuta OUTSIDE ya juyo shi waje, sannan ya daidaita wani ɗigon fenti rawaya da ke jikin tayar da bawul. Na tambaye shi dalili. Ya ce nan ne tayar ta fi rashin nauyi, wajen bawul kuma rim ya fi nauyi, in an haɗa su darmar da za a maƙala ba ta da yawa. Ya ɓalle tsofaffin darma duka kafin ya ɗora a injin balansin, ya juya, ya maƙala, ya sake juyawa har allon ya nuna sifili a ɓangare biyu. Ana tsakiyar ta uku aka ɗauke wuta. Aka ta da janareta, ya sake ta daga farko, bai ce ai ta yi ba. Yaron nan shi ne rabin darajar shagon, kuma ina fata mai shagon ya sani.

Daga nan ne abin ya fara tsami. Wani ne daban ke ba da iska, mai facin da ke bakin ƙofa, kuma shi duk motar duniya 45 ce a wurinsa. Na nuna masa takardar ƙofa, 32 gaba 32 baya. Ya nuna mini jikin tayar inda aka rubuta 51. Lambar nan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ce, ba abin da motar ke so ba, amma ya kafe wai 32 ai taya a kwance take, mai za ta sha. Iska in ta yi yawa tsakiyar taya ce ke taka ƙasa, ta cinye a tsakiya, mota ta riƙa tsalle, kamun titi ya ragu. In ta yi kaɗan kuma gefuna ne ke cinyewa, tayar ta yi ta lanƙwasa tana ɗaukar zafi, ita ce ma ta fi saurin fashewa a doguwar tafiya. Sai da Baba ya zaro ɗan gejinsa na aljihu ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya sassauta da kansa. Mai shagon na zaune yana ji, bai sa baki ba. Mutumin da ya iya bayanin wayar bakin taya haka, ba zai ce bai san wannan ba.

Noti kuma da bindigar iska aka ɗaure su, aka danna har ta daina motsi. Littafin motar ya faɗi ƙarfin da ake so, 103 a ma'aunin Nm, kuma akwai sifana mai awo da ke yin ƙara idan an kai, amma shagon ba su da ita. Na ce a kwance a sake ɗaurewa da hannu. Suka kalli juna. Ɗaurin da ya wuce kima na iya lalata zaren ƙusar, amma ni abin da ya fi damuna ba shi ba ne. Ranar da na yi faci tsakanin Riyom da Akwanga, daga ni sai yara sai 'yar sifanar da ke but, wa zai kwance mini?

Na ukun ya fi ba ni haushi. A allon shagon an rubuta ɓaro-ɓaro ana alaimen na kwamfuta, wato saita ƙafafun mota. Kwamfutar na nan kuwa, an lulluɓe ta da leda, wai ta lalace tun azumi ana jiran mai gyara daga Kano. Suka ce za su yi mini da igiya. Akwai gwanayen igiya, Baba ya ce a zamaninsu da ita ake yi kuma mota ta miƙe sak, amma ba zan biya kuɗin kwamfuta a yi mini da zare ba, kuma da sun faɗa tun kafin a ɗaga motar da ya fi mutunci. Na kai ta wani wuri a hanyar Bukuru, aka samu ƙafar gaba ta dama ta ɗan buɗe, aka saita. Wanda ya sa sabuwar taya bai duba alaimen ba, gefe guda za ta cinye masa cikin 'yan watanni ya dawo yana zagin mai taya.

Da aka gama, mai shagon ya ce zai karɓi tsofaffin ya rage mini wani abu. Shi da ya ce ba ya ajiye Beljiyom. Na tambaye shi me zai yi da su, ya yi dariya ya ce akwai masu nema. Na san inda za su: a sake shafa musu mai, a jingina su a ƙetaren titi, wani mai tasi ya saya da sunan tayar kamfani, ya loda fasinja ya gangara Hawan Kibo. Kuɗin ya ja hankalina, bayan dubu 352 sun fita daga asusuna kowane canji abin so ne. Baba bai jira shawarata ba, ya sa aka tsaga gefen kowacce da wuƙa aka loda su a keke. Suna bayan gidansa yanzu an shuka na'a-na'a da attaruhu a ciki.

Ita tayar fa? A ruwa ba ni da abin cewa sai alheri. Ruwan Jos na Yuli da Agusta ba ya sallama, kuma akwai wurare a titin Zariya wajen Farin Gada da yake kwanciya a kan kwalta. A ɗan zaman da na yi da tsofaffin, ruwan farkon damina kawai suka gani amma sitiyari kan yi sakayau a hannu idan na shiga irin wurin nan. Sababbin yanka ruwan suke su wuce. A gangaren Hawan Kibo cikin yayyafi na taka birki da ƙarfi saboda wata tirela da ta tsaya ba fitila, motar ta tsaya a miƙe, fedar ko karkarwa ba ta yi ba. Abin da na je saye ke nan, kuma na same shi.

Amma tana da ƙugi. Daga 90 zuwa sama a kan kwalta mai tsakuwa sai an ƙara muryar rediyo, kuma na baya sai ya ɗaga murya kafin in ji shi. Tayar kamfani ta fi ta shiru da laushi nesa ba kusa ba, a nan kam ba gardama. Gefenta ya fi tauri, ana jin ƙananan gargada a kujera. Mai ma ta ɗan ƙara sha, kaɗan, wanda sai mai sa ido a allo zai lura. Taurin nan dai ya biya kansa, don ta daki ramukan da na runtse ido a hanyar Akwanga, na sauka na shafa, ba kumburi ba tsagewa. Zanen kuma har yanzu da nisa tsakaninsa da 'yan tudun nan na cikin kwari da ke nuna saura milimita 1.6, inda taya ta gama aiki. Da ta cika kilomita dubu 10 na koma aka juya su, na gaba baya na baya gaba, kyauta kamar yadda mai shagon ya yi alkawari.

Da hunturu ya shigo na sayi gejina. Wata safiyar Disamba na auna na ga 29, ba ƙusa ba komai. Sanyi ne, duk saukar maki 5 ko 6 a ma'aunin zafi na rage wajen 1 a geji, ga kuma 'yar iskar da taya ke saki da kanta a hankali. Shi ya sa da safe ake aunawa, kafin mota ta motsa. In kin isa Keffi da rana kin ga 36, kada ki bari wani ya sace miki iska wai don kada ta fashe. Zafin tafiya ne, zai sauka da kansa, wanda ya rage a lokacin kuma gobe da safe tayarsa ba ta kai ba.

Ƙawayena biyu sun tambaye ni ko su je shagon, na ce su je. Kayansa na gaskiya ne, farashinsa ba zalunci, kuma yaron ya iya aiki. Amma su karanta lambar mako da idonsu kafin a ɗaga mota, su tafi da geji, su tsaya a kai lokacin ɗaure noti, alaimen kuma su tambaya tun daga bakin ƙofa.

Saura safaya. 'Yar siririyar nan ce da motocin Amurka ke zuwa da ita, mai shan iska 60, wadda aka rubuta a jikinta kada a wuce kilomita 80 a awa. Ita ma 'yar 2018 ce, ba ta taɓa taka ƙasa ba, kuma da muka auna iskarta ko rabi ba ta kai ba. Shagon ba su da irinta, ya ce ba a cika nema ba. Shawararsa ita ce in nemi rim na ƙarfe mai inci 16 a Dilimi in ɗaura cikakkiyar taya ta biyar. Mun gwada ɗaya daga cikin ƙafafun a ramin but, ta shiga amma murfin ba ya kwanciya, za ta cinye mini wurin buhun dankali guda. Duk da haka ita zan yi, don ba na son in tsinci kaina a dajin Akwanga da yamma ina rarrafe a 80 kan roba mai shekara bakwai. Ya ce in na samo rim ɗin in kawo, zai ajiye mini sabuwar fita. Na ce masa kafin nan ya gyara kwamfutarsa, ya kuma sayi sifana mai awo.